Ranar da Harshen Hawainiya Ya Kumbura

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafafu shuɗɗa.

"Ta zo mu ji ta!"

To, ku gyara zama. Lantana, matso nan, ke ce mai yawan cewa ba ki ji farko ba.

A can da, zamanin da Hankaka fari ne tas, Zabuwa ma fara ce, akwai wata Hawainiya mai sana'ar rini. Marinarta tana gindin wata tsamiya. Rijiya ɗaya ce tak gare ta. Amma in ta tsoma farin zane a ciki, sai ya zama shuɗi har yana ɗaukar ido. Duk dajin nan ba mai rini sai ita.

Sai tsufa ya zo. Wata rana ta ɗaga muciyar da take tuƙa rijiya, ta ji kafaɗa ta ce ƙas. Ta ce, "Af. Lokacin neman magaji ya yi."

To, ita ba ta taɓa koyar da kowa komai ba. Ta ce bari ta je ta ga yadda masu koyarwa suke yi. Makarantar Dila tana bayan tsamiyar, taku arba'in. Kun dai san tafiyar Hawainiya. Ta tashi da hantsi, ta isa da la'asar. Ta leƙa ta ramin darni. Ta ga Dila a zaune, ɗalibai a jere a gabansa. Sunayen watanni da na taurari yake koya musu. Yana faɗa, suna amsawa. Ba mai motsi, ba mai taɓa komai.

Hawainiya ta ce, "Ashe haka ake yi."

Abin da Dila yake koyarwa abin baki ne, baki ya ishe shi. Hawainiya ba ta tsaya ta lura da wannan ba. Ta juya gida. A kan hanya ta shirya nata karatun. Kafin ta isa, ya haɗu. Ga shi nan, ni zan faɗa, ku ku amsa.

Toka kwando uku!

"Uku!"

Baba kwando biyu!

"Biyu!"

Kanwa ƙoƙo guda!

"Guda!"

Kwana uku a tuƙa!

"A tuƙa!"

Zane ya shiga fari, ya fito shuɗi!

"Shuɗi!"

Madalla. A'a, Ɗanliti, ba babanka ake zubawa a rijiya ba. Baba ganye ne, shi ke ba da launi.

Ta sa aka yi shela. Ɗalibai uku suka zo. Hankaka ya zo da allo rataye a ƙirji. Zabuwa ta zo a guje, ta wuce ƙofa, ta dawo. Balbela ta zo a hankali, ta sami gefe, ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Hawainiya ta ce, "Dokata ɗaya ce. Ba mai taɓa rijiya sai ya haddace karatu."

Suka ce, "To, Inna."

Rana ta farko, ta faɗi karatu sau ɗaya. Hankaka ya mayar mata da shi kaf, har da tarin da ta yi a tsakiya.

Ta ce, "Tarin ba ya ciki."

Ya ce, "To, Inna. Amma na riƙe shi, ko za a buƙata."

Ta juyo da ido ɗaya wajen Zabuwa. Ba ta nan. Tana can tana tono a cikin toka.

"Ke! Zo ki biya."

Zabuwa ta zo tana karkaɗe jiki. Ta ce, "Toka kwana uku. Baba ya shiga ƙoƙo. Kanwa ta fito shuɗiya."

Hankaka ya yi dariya har allonsa yana rawa.

Hawainiya ta juya ɗaya idon wajen Balbela. "Ke fa?"

Balbela ta ce, "Ina kallo, Inna."

"Kallon me? Karatu ba a ganinsa, jinsa ake yi."

Balbela ta sauya ƙafa.

Rana ta biyu, haka. Hankaka ya biya daga farko zuwa ƙarshe, ya kuma biya daga ƙarshe zuwa farko, don a san ya iya. Zabuwa ta ce, "Inna, don Allah bar ni in riƙe muciyar nan sau ɗaya. In na riƙe zan gane." Hawainiya ta ce, "Hawainiyarki ta kiyayi ramata." Zabuwa ta ce, "Ai ke ce Hawainiyar, Inna." Aka aza mata tsallen kwaɗo. Balbela ta ce, "Ina kallo, Inna."

Rana ta uku, Hawainiya ta yanke hukunci. Ta ce, "Hankaka, kai ne ɗalibi. Kai za ka gaje ni. Zabuwa, kanki ba ya riƙe komai, amma kina da ƙafa. Daga yau aikinki ɗebo toka. Balbela, ke kam ban san abin da ya kawo ki ba. Je ki gida."

Balbela ba ta je gida ba. Ta hau reshen tsamiya, ta ci gaba da abin da ta saba.

Aka yi wata guda a haka. Kullum da safe Hawainiya ta lallaɓa bakin rijiya ta yi aikinta. Hankaka yana zaune nesa da rijiya, ya ba ta baya, yana biya karatu da ƙarfi. Zabuwa tana jigilar toka. Balbela tana sama.

Ita kuwa Zabuwa, tun da an hana ta babbar rijiya, sai ta tona ƙarama a bayan juji. Ta tsinci ganyen baba da ya zube, ta ɗan gutsuri kanwa, ta kwaɓa. Na farko ya zama taɓo. Ta sake tona wani ramin. Na biyu ya yi wari, har Ungulu ta sauko ta ce, "Wa ya rasu?" Zabuwa ta ce, "Ba kowa, Gwaggo, rini nake koyo." Ungulu ta ce, "In ya rasu dai ki aiko." Ta sake tona na uku. Wannan karon da ta sa ƙafa a ciki, sai ta ji wani abu dabam a tsakanin yatsunta. Ta tsoma tsumma. Tsumma ya ɗan yi duhu. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta san da wace kalma za ta faɗa ba.

Ana nan, ana nan, sai wata safiya ƙasa ta fara girgiza. Giwa ce tafe. Ta ɗauko farin zane a bayanta, faɗinsa ya kai gonar gyaɗa.

Ta ce, "Salamu alaikum, 'yar tsohuwa."

Hawainiya ta ce, "Amin, alaikumus salam. Ranki ya daɗe, sannu da zuwa."

"'Yata ta haihu yau da asuba."

"Kai, barka! Allah ya raya."

"Amin. Wannan zanen goyo ne. Ranar suna nake son sa, shuɗi, irin wanda in dangin uba suka gani za su rasa abin cewa. Kin san dangin uba."

"Na san su, ranki ya daɗe."

Giwa ta ɗaga kai ta dubi tsamiya. Ta ce, "Inuwar nan da daɗi. Na daɗe ina sha'awarta. In zane ya yi, ki ci gaba da zamanki. In bai yi ba, taku ɗaya zan yi wa rijiyar nan, ta zama wurin birgimar jikata."

Ta ajiye zane, ta tafi.

Hawainiya ba ta damu ba. Kwana bakwai ya ishe ta. Ta sa aka kwashe tsohon ruwan rijiya, don zane irin wannan sabon ruwa yake so. Ta ce bari ta ɗan karya kumallo kafin a fara. Ta hangi ƙuda a kan ganye. Ta auna, ta harba harshe, caf!

Ido ya tsufa, yara. Ba ƙuda ba ne. Ƙudan zuma ne.

Kafin azahar harshe ya kumbura ya cika baki. Ba ya fita, ba ya komawa. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai "bu, bu, bu."

Zabuwa ta ce, "Mun shiga uku."

Hankaka ya gyara allo a ƙirji. Ya ce, "Wa ya shiga uku? Ba ga ni ba? Duk abin da ke bakin Inna yana kaina. Ke dai kawo toka."

Zabuwa ta kawo. Ta ce, "Yaya Hankaka, tokar nan fa ta kara ce."

"Toka toka ce."

"Ba ta cizo."

"Karatu ya ce toka. Bai ce mai haƙori ba. Zuba."

Ta zuba. Toka kwando uku. Baba kwando biyu. Kanwa ƙoƙo guda. Hankaka ya auna komai daidai, ko ƙwaya bai rage ba. A nan kam ba mai kushe shi. Ya sa Zabuwa ta riƙa tuƙawa, shi yana tsaye daga nesa yana ƙirga kwana.

Kwana uku suka cika. Ya yago ɗan ƙyalle, ya ba Zabuwa ta tsoma. Ta ciro. Ƙyalle ya fito kamar an wanke tukunya da shi. Suka jira. Launi bai sauya ba.

Hankaka ya ce, "Rijiyar ce ba ta ji ba."

Ya matso, ya biya mata karatu. Aka tsoma ƙyalle. Shiru. Ya sake biyawa da ƙarfi. Shiru. Ya biya na uku har muryarsa ta dushe, ta koma "ƙwaa, ƙwaa." Har yau ba ta gyaru ba.

Zabuwa ta ce, "Yaya, rijiya ba ta da kunne."

Hankaka ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ban bar ko harafi ba. Wallahi ban bar ba."

Gaskiya ya faɗa. Saura kwana uku, na huɗun suna.

Duk wannan abu Hawainiya tana gani. Ta yi ja, ta yi rawaya, ta yi fari fat. Sai ta taso. Ta ɗaga ƙafa, ta yi shawara, ta ajiye. Ta ɗaga wata, ta yi shawara, ta ajiye. Har ta kai bakin rijiya. Ta sunkuya. Ta buɗe baki. Harshe ya ƙi fita. Ta tsaya nan sororo, ita kanta ba ta san abin da ya kawo ta ba.

Sai aka ji murya daga sama.

"Lasa take so ta yi."

Suka ɗaga kai. Balbela ce.

Hankaka ya ce, "Au, kina magana?"

Balbela ta sauko. Ta ce, "Kullum da safe, kafin Inna ta ce wa kowa ina kwana, sai ta zo nan ta lashi ruwan rijiya. Sau ɗaya, da bakin harshe. Wata guda ina kallo, ba ta taɓa fashi ba."

Hankaka ya ce, "Ƙarya ne. Ba ya cikin karatu."

"Ba ya ciki. Yana cikin Inna."

Kun san idanun Hawainiya, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ran nan duka biyun suka juyo wuri ɗaya, suka tsaya a kan Balbela. Shekara da shekaru tana lasar rijiya, ba ta taɓa sanin tana yi ba. Kamar ku ne da ƙifta ido. Wa ya taɓa ƙirga nasa?

Balbela ta ce, "In ta lasa, wani lokaci sai ta yamutsa fuska, ta ɗebo toka ta ƙara. Wani lokaci sai ta ja da baya, ta ƙara ruwa. Wani lokaci ta kaɗa kai, ta ɗauki muciya. Bakinta yana motsi, amma daga sama ba na jin abin da take cewa."

Hankaka ya ɗago kai. Ya ce, "Da safe? Kafin karatu?"

"Da safe."

"Ai ina ji. Ƙunƙuni ne take yi. Na zaci irin na tsufa ne."

Zabuwa ta ce, "Ka riƙe?"

"Ni? Har tari na riƙe."

Ya rufe ido, ya sauya murya ta koma irin ta Hawainiya sak. Ya ce, "'Lami. Wannan ba ya rina ko gashin kusu. A ƙara toka.' Wannan ranar Talata ce. Ran Alhamis kuwa ta ce, 'Kai, ya yi kaifi, zai cinye mini baba. A ba shi ruwa.' Ran Asabar ta ce, 'Yauwa, ɗan albarka.' Sannan ta ce bayanta yana ciwo."

Hawainiya ta yi kore shar, tana kaɗa kai.

Balbela ta ce, "To, ga shi. Sai a sami mai lasa."

Suka dubi juna. Hankaka ya ce, "Ni ban san ɗanɗanon lami ba. Sunansa kawai na sani." Balbela ta ce, "Ni ma fuskar mai lasa na sani, ban san abin da harshe yake ji ba."

Zabuwa tana ta tono da ƙafa, kanta a ƙasa. Ta ce, "Ni ban iya lasa ba. Amma ƙafata ta san wani abu."

Hankaka ya ce, "Ƙafa? A ina ƙafa ta yi karatu?"

"A bayan juji."

Ta gaya musu labarin ramukanta uku. Ta ce, "In ruwa bai yi ba, ji za ka yi kamar ruwan tafki. In ya yi, sai ya yi santsi a tsakanin yatsu. Ban san sunansa ba. Santsi dai."

Ta dubi Hawainiya. "Inna, kin hana ni taɓa rijiya. Har yanzu ban haddace ba."

Hawainiya ta ce, "Bu."

Hankaka ya ce, "Me ta ce?"

Balbela ta ce, "Ta matsa gefe. Ba ka gani ba? Hanya ta ba ta."

Zabuwa ta zura ƙafa a rijiya. Ta murza yatsu. Ta ce, "Ruwan tafki."

Hankaka ya ce, "Lami ke nan. A ƙara toka."

Zabuwa ta ce, "Ba irin waccan ba. Wata guda ina ɗaukar toka a ka, na san halin kowace. Ta kara raguwa ce. Ta ƙaiƙayi ta fi ta lalaci. Ta marke ita ce mai cizo. Akwai wani kututturen marke da gobara ta ci a bakin rafi."

Kafin ta rufe baki ta kwasa da gudu. Ta kawo kwando na farko, aka zuba, aka juya. Ta sa ƙafa. Ta ce, "Da saura." Ta kawo na biyu. Ta sa ƙafa. Ta ce, "Ya fara gaishe ni." Ta kawo na uku. Ta sa ƙafa, ta murza, ta yi tsalle. Ta ce, "Miyar kuɓewa! Wallahi miyar kuɓewa!"

Daɗi ya kwashe ta. Ta ce, "Bari in ƙaro na huɗu, ya fi haka!"

Hankaka ya tare hanya da fiffike. Ya ce, "Tsaya nan, sarauniyar gaggawa. Ran Alhamis fa? 'Ya yi kaifi, zai cinye mini baba.' In kika ƙara, kin kashe shi."

Zabuwa ta ajiye kwando. Ta ce, "Ashe kan nan naka yana da amfani."

Ya ce, "Ashe ƙafar nan taki ma."

Balbela ta ce, "Saura tuƙi. Ba daga tsakiya Inna take farawa ba. Daga gefe take bi, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Safe da yamma. In kumfa ta taru a sama ta yi duhu tana ƙyalli, to ya nuna."

Haka suka yi. Zabuwa tana tuƙi. Balbela tana cewa "rage sauri." Hankaka yana ƙirga juyi. Kwana ɗaya, kumfa fara. Kwana biyu, ta yi toka-toka. Kwana uku, ta yi duhu tana ƙyalli kamar wuyan tattabara.

Ranar suna, tun hantsi bai yi ba, ƙasa ta girgiza.

Giwa ta ce, "Ina zanena?"

Hankaka ya rusuna. Ya ce, "Ranki ya daɗe, yanzu za a tsoma."

"Yanzu? Mata sun cika gida, dangin uba sun kama tabarma, ku ce mini yanzu? Ina 'yar tsohuwar?"

Hawainiya ta ce, "Bu."

"Ni kike ce wa bu?"

Zabuwa ta ce, "Zuma ce ta harbe ta, ranki ya daɗe. Gaisuwa ce take yi."

Suka tura zane cikin rijiya. Zabuwa ta hau kai tana tattakawa, ruwa yana fallatsa mata ko'ina. Aka ɗan jima. Suka ce wa Giwa ta taimaka ta jawo da hancinta, don ya fi ƙarfinsu. Ta jawo.

Zane ya fito kore. Kore shar, kamar ɗanyen ganyen rama.

Giwa ta ce, "Mene ne wannan?"

Hankaka ya ruɗe. Ya ce, "Karatu ya ce ya fito shuɗi! Ya shiga fari, ya fito shuɗi! Ba kore a ciki!" Zabuwa ma ta yi tsuru, don tsummanta na bayan juji ƙarami ne, ba ta taɓa lura da yadda yake fitowa ba.

Giwa ta ce, "Jikata za a goya da ganyen miya? A gaban dangin uba?"

Ta ɗaga ƙafa a kan rijiya. Inuwar ƙafar ta rufe su duka. Kunnuwanta suna kaɗawa don fushi, fafar, fafar, fafar.

Balbela ta tashi, ta sauka a kan goshin Giwa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, kada ki sauke ƙafar, kada kuma ki daina fushin."

"Me kika ce?"

"Ki ci gaba da kaɗa kunne. Ki dubi bakin zanen."

Giwa ta duba. Gefen da iskar kunnenta take bugawa ya fara sauyawa. Kore yana gudu, shuɗi yana bin sa.

Balbela ta ce, "Kullum haka yake fitowa. Inna takan baza shi ta ba shi baya, ta tafi neman ƙuda. Kafin ta juyo, iska ta gama aiki. Shi ya sa ita ma ta ce shuɗi yake fitowa. Ni da ba ni da wurin zuwa, ni nake ganin koren."

Giwa ta sauke ƙafa a gefe, a hankali. Ta kama kaɗa kunnuwa da gaske. Zane ya rine daga wannan baki zuwa wancan. Aka sake tsomawa, ta sake fifita. Aka tsoma na uku. Ya fito, ya sha iska, ya yi shuɗi mai duhu har yana ɗaukar ido.

Giwa ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce, "Yau dangin uba za su ci tuwo ba magana." Ta dubi tsamiya, ta ce, "Inuwar ma ba ta kai yadda nake zato ba." Ta yafa zane, ta tafi.

Da ƙura ta lafa, Hankaka ya matso bakin rijiya. Wata guda da kwana bakwai, bai taɓa zuwa kusa haka ba. Ya ce, "Zabuwa, santsin nan da kike faɗa. Ina ne ake jin sa?"

"Sa ƙafa ka murza."

Ya miƙa ƙafa. Bai saba ba. Bakin rijiya kuwa ya jiƙe. Sai ji kake tsulum!

Suka jawo shi da muciya. Ya fito yana tari, yana cewa, "Na ji! Na ji santsin! Har a hanci na ji shi!" Ya sha iska, ya yi baƙi ƙirin, don rijiyar ta nuna sosai. Da ya cire allo, sai ga ƙirji fari, inda allon ya tare.

Dariya ta kama Hawainiya. Ta yi dariya, ta yi dariya, har kumburin ya fashe. Harshe ya saki.

Suka matso, suna jiran abin da za ta fara cewa.

Ta ce, "Ni wa ya koya mini karatu?"

Sai ta ba kanta amsa.

Ta ce, "Ba kowa. Ina ƙarama na faɗa rijiyar uwata. Na haɗiyi ruwan, na san ɗanɗanonsa. Daga nan na fara. Sai da na tsufa na je leƙen makarantar wani, na dawo na hana ku abin da ya koya mini."

Ta juyo da ido ɗaya wajen Zabuwa, ɗaya wajen Balbela. Ta ce, "Na ce kanki ba ya riƙe komai. Na ce ke kuma ki tafi gida. Ku yafe mini."

Zabuwa ta ce, "Ba komai, Inna. Amma tsallen kwaɗon nan fa?"

"Shi kam kin ci abinki. Bakinki ne ya jawo."

Hankaka ya ce, "To, Inna, yanzu wa zai gaje ki?"

Ta ce, "Da na ba ɗayanku shi kaɗai, da yanzu jikar Giwa tana birgima a nan. Ku uku ne. Gobe kowa ya zo bakin rijiya. Mai son ji, in faɗa masa. Mai son gani, ya tsaya kusa. Mai son taɓawa, ga muciya. In kowa ya shiga ta ƙofarsa, sai ya leƙa ta ɗan'uwansa. Zabuwa, ke ma sai kin riƙe awon nan, ko da tsalle za ki riƙa biya shi."

Aka ce da tsallen ta haddace, a kwana biyu.

Hankaka kuma ya gyara karatu. Ya ƙara abin da ya ɓace. Ku amsa.

A sa ƙafa a ji santsi!

"Santsi!"

Zane ya fito kore, a ba shi iska!

"Iska!"

To, tun daga ran nan Hankaka yake baƙi da farin ƙirji. Zabuwa kuwa ruwan baba ya fallatsa mata ko'ina, sai inda ɗigon toka ya manne, shi ya sa take da zane-zanen fari. Balbela ba ta taɓa jiƙa ba, tana nan fara. Ta bi Giwa don ta ga yadda ake goyon jaririyar da ta fi turmi nauyi, daga nan bin manyan dabbobi ya zame mata jiki. In kun gan ta a bayan shanu, ba zaman banza take yi ba. Giwa kuma har gobe tana kaɗa kunne, ko wani abu zai sake yin shuɗi.

Kai ɗaya ne, amma ƙofofinsa da yawa. Wani ta kunne ake shiga masa, wani ta ido, wani sai ya sa hannu ya ɓata sau biyu. Wanda bai shigo ta ƙofarka ba, kada ka yi saurin ce masa daƙiƙi. Mai koyarwa kuma ya bar ɗalibi ya matso kusa da aiki, don abin da ya sani ya fi abin da yake faɗa.

Lantana, kin ji farko yau? To, Ɗanliti tun ɗazu yake tona ƙasa da yatsa, kada ki ce bai ji ba.

Ƙurunƙus! Kan kusu ya faɗa rijiyar baba, ya fito kore, ku hura masa iska.